Kwalin tsofaffin kaset ko kat ɗin mai lodi?

Ɗan'uwa ya ce an yi masa tayin kwalin tsofaffin kaset na waƙoƙin fada da na noma, mai lodin waƙa kuma ya yi alkawarin cika masa kat memuwar da "duka" a kan kuɗi kaɗan. Wanne zai saya?

Ƙanena, ɗauki kwalin. Amma kada ko dala ta fita daga aljihunka sai ka zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Kaset 63 na gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, cikin wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa a Tawa. Wasu shi ya ɗauka da kansa daga Muryar Sahel, wasu daga Rediyon Kaduna in dare ya raba tashar ta fito tas, sauran kuma ya sayo su a Ƙonni da Sakkwato lokacin da yake fataucin albasa. Kowane ya rubuta masa sunan mawaƙi da ajami. Bayan rasuwarsa na yi wata shida ban iya taɓa akwatin ba. Ranar da na daure na saka wani na Ɗanƙwairo, kafin kotso ya tashi sai ga muryar sanƙira yana share fage, ana ta gaishe-gaishe, wani can baya ya yi tari, sannan ƴan amshi suka faɗo gaba ɗaya kamar an wangale ƙofar zaure. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta zo ta jingina da ƙofa, ba ta ce uffan ba har fuskar kaset ɗin ta ƙare, sannan ta ce in juya.

Wannan share fagen da tarin nan, ban taɓa jin su a wayar kowa ba. Masu lodi suna ganin ɓata wuri ne, sai su datse.

Ka tuna Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Ba mai sake zaunar da su gaban makirfo. Duk waƙoƙinsu da ke yawo a wayoyi yau daga irin wannan zaren kaset aka kwafo su, ko daga faifan garmaho, ko daga manyan faya-fayan gidajen rediyo. Kat ba zai taɓa fin zaren da aka kwafo shi daga gare shi ba. Iyakarsa ya kamo ƙafarsa, in mai kwafar ya san aiki. Galibi kuwa bai sani ba.

Na taɓa sayen irin kat ɗin a wata rumfa nan Yamai, shekara uku ke nan, har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. "Waƙa dubu uku," in ji yaron. Da na zauna na tantance, waƙa guda ta maimaitu sau biyar da suna daban-daban, an liƙa sunan Ɗan Gurmu a kan muryar da ko yaron goye a Ader ya san ba tasa ba ce, tsakiyar wata kuma sai ga muryar mai lodi yana tallar rumfarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne nauyin waƙoƙin. MP3, wato matsattsen fayil ɗin sauti, lambarsa ke nuna ingancinsa: na 128 yana cin kusan mega 1 a minti guda, na 320 yana cin kusan mega 2 da rabi. Ni kuwa waƙar minti 20 na tarar a mega 5. An matse ta, an tura, an sake matsewa, har ta zama ƙanzo. MP3 zubar da wani ɓangare na sauti yake yi don ya rage nauyi, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa ko ka mayar da fayil ɗin 320. Tsohon kaset ya fi shan wahala a nan, domin shuuu ɗin zare ma sai an kashe masa wuri, sai ka ji kalangu kamar ana kaɗa shi cikin randa.

Gaskiya ɗaya zan ba kat: ba ya cin zare, kuma zai kai ka Tawa ta Doso da Dogon Dutsi ba ka juya komai ba.

To, dubawa. Tafi da bik da rediyo mai kaset wadda ka yarda da ita. Ɗaga kowane kaset ka kalli zaren ta ƴar tagar tsakiya: in ka ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, ware shi gefe kada ya shiga rediyonka. Leƙa ƙasa wurin da zare ke wucewa, akwai ɗan soso ƙarami da ke danna zaren a kan hed, ɗan ƙarfen rediyo da ke karanta sautin. In ya faɗi murya za ta dushe, amma wannan ba matsala ba ce, ana liƙa wani. Zura bik ka juya, ka ji ko yana tafiya sumul. Mai kusoshi a kusurwa ya fi wanda aka manne, don in zare ya tsinke kana iya buɗewa ka haɗa. C60 da C90, wato kaset mai minti 60 da mai minti 90, su ne abin nema. C120 zarensa siriri ne ainun, shi ya fi naɗewa a cikin inji, kuma zafin watan Afrilu na nan ba ya raga masa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Masu sayar da tsofaffin kaya sun gane akwai irinmu masu nema, sai wasu su ɗauki kwalin asali mai hoton mawaƙi su saka masa wani zare daban. Wani kuma an bi ta kansa an ɗauki wa'azi ko sharhin ƙwallo, minti biyun farko kaɗai suka tsira, su ne kuma mai kaya zai kunna maka yana murmushi. Ka saurari farko, ka tura tsakiya, ka juya ɗaya fuskar. Wanda ya ce yana sauri, bar masa kayansa. Ɓangaren kat ma haka: akwai na jabu da waya za ta nuna maka jiga 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, sai ya cika ka ga waƙoƙin sun ƙi buɗewa.

In ka kawo kwalin gida, kada ka mayar da shi abin sauraren kullum. Goge hed da auduga da alkol, ka haɗa rediyon da kwamfuta ta waya, ka ɗauki kowace fuska sau ɗaya da Audacity, manhajar ɗaukar sauti, kyauta ce. Yi da kuran, ba da batir ba, domin batir in ya yi sanyi gudun zare yana raguwa, muryar mawaƙi ta yi ƙasa. Ajiye a WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, wanda ke cin kusan mega 10 a minti, ko FLAC da ke rage kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Kada ka matsa wa maɓallin cire shuuu, yana tafiya da amon kotso. Daga nan sai ka fitar da MP3 na 320 ka cika naka kat ɗin da hannunka, kaset kuma su koma inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. In za ka turo mana ta WhatsApp, turo shi a matsayin dokima, kada ka ɗora waya bakin lasifika ka ɗauka.

In ka ci karo da na Ɗan Gurmu a cikin kwalin, don Allah kada ka saka shi a kowace rediyo sai ka kira ni. Nawa ya tsinke tun bara, zan zo da tawa rediyon da wayar haɗawa.