Na'urar duba bugun zuciya a gida: wacce ta cancanci kuɗinka?

Hajiyarmu ta daɗe tana cewa ƙirjinta na yin fat-fat, amma duk ranar da aka kai ta asibiti aka manna mata wayoyin ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, sai zuciyar ta nutsu, takarda ta fito lafiya lau. Shi ya sa na shiga neman na'urar da za ta kama abin yana cikin faruwa.

Da asara na fara. Na sayi agogo mai araha a kasuwar waya, an rubuta ECG ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Ran nan na ɗaura shi a gorar ruwa, sai ga shi ya zana layi tsaf, wai bugu 74 a minti! Koriyar fitila ce kawai a bayansa, zanen kuwa ajiyayye ne. ECG na gaske lantarkin zuciya yake karantawa, dole fata ta taɓa ƙarfe a wuri biyu aƙalla. Gwada shi a kan teburin mai shago. In ya yi zane, miƙa masa kayansa. Araha ba ta ado.

Ni dai KardiaMobile 6L na kamfanin AliveCor na riƙe, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2019. Ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihu. Ka ɗora manyan yatsu biyu a samansa, ka dafa ƙasansa a gwiwar hagu, daƙiƙa 30 ya tura wa wayarka zanen zuciyarka layi shida. Ƙaramin batiri yake ci, babu ruwanka da caji.

Da shi muka kama na Hajiya. Likita ya nuna mini cewa a lafiyayyen zane akwai ɗan tudu, P, kafin kowane dogon tsini, tazarar kuma daidai take. A nata tudun ya ɓace, tsinin nan wani kusa wani nesa. Wannan ce AF, wato cutar bugun zuciya marar tsari, mai ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Sai dai na'urar ba ta gano toshewar jijiyar zuciya. Ciwon ƙirji mai tsanani na asibiti ne nan take.

Apple Watch na yin ECG tun Series 4 na 2018, amma layi ɗaya ne, sai da iPhone, ga caji kullum. Na Samsung ma wayar gidansu yake nema. Holter kuwa, wato na'urar ECG da ake yawo da ita a jiki, asibiti ke ɗaura maka, awa 24 zuwa 48.

Ko Kardia ɗin ma, kada ka biya sai ka sauke manhajarsa ka ga ya haɗu da wayarka a cikin shagon.