Hattara da masu tallar "baƙin gwal" a waya

'Yan uwa mata, musamman masu haɗa lefe da masu juya kuɗin adashi zuwa gwal, akwai wata haja da ake yawo da ita a Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp da sunan baƙin gwal. Zobe ne ko ɗan kunne ko sarƙa, baƙi wuluk mai sheƙi, wani lokacin da 'yan duwatsu farare a kansa. Mai tallar za ta ce miki wani irin zinari ne da ba a cika samu ba, daga ƙasa aka haƙo shi a haka, shi ya sa giram ɗinsa ya fi na ɗan Dubai tsada. Za ta ce saura guda biyu, ki tura kuɗi yau a ajiye miki, kaya na hanya.

Wannan maganar ƙarya ce tun daga tushenta. Babu ramin da ake haƙo baƙin zinari a duniya. Zinari rawaya Allah Ya halicce shi, ba ya tsatsa, ba ya sauya launi da kansa. Abin da kamfanonin kayan ado na gaskiya suke sayarwa da wannan suna zinari ne da aka saba da shi, yawanci karat 18 ko 14, aka baƙanta samansa. Baƙin a fata kawai yake. Idan aka yanka zoben gida biyu, cikinsa rawaya ne ko fari.

Hanyar da aka fi bi ita ce a tsoma kayan cikin wani ruwan sinadari mai ɗauke da ƙarfen rodiyom ko na ruteniyom, a saki lantarki, ƙarfen ya manne a jikin zinarin. Wata hanyar kuma a narka zinari kashi 75 da kobalt kashi 25, a ƙera, sannan a gasa a zafin da ya kai digiri 700 zuwa 950, sai kobalt ɗin da ke sama ya ƙone ya yi baƙi. Akwai masu shafa sinadarin farar wuta, wanda ke baƙanta jan ƙarfe da azurfar da aka gauraya da zinarin. Akwai kuma ta hasken leza, wadda Chunlei Guo na Jami'ar Rochester a Amurka ya nuna a 2006: ana yi wa saman ƙarfen 'yan zane-zane ƙanana da ido ba ya gani, sai ya riƙa shanye haske. Wannan ta ƙarshen aikin ɗakin bincike ne mai tsada, ba abin da za a turo miki a motar haya ba ne.

To ina damfarar take? Ruwan da ya baƙanta zinari shi ne dai zai baƙanta tagulla, ya baƙanta azurfa, kuma akwai fasahar da ke yi wa ƙarfen cokali irin wannan baƙin rufi. Da zarar an rufe, duk sun zama iri ɗaya a ido. Iyayenmu mata da yawa suna gane gwal da kallo. Su ɗaga sarƙa su ce wannan 21 ce, waccan 18 ce, wannan kuwa ruwan gwal kawai aka yi mata. Baƙin rufi ya kashe wannan gwanintar gaba ɗaya, domin launin da ake dubawa shi aka ɓoye. Kamar sayen akuya ne a cikin buhu, ana gaya miki tana da ciki.

Idan kika yi gardama a kan farashi, wasu za su kawo miki zancen rodiyom, su ce ai ya fi zinari tsada. Gaskiya ne rodiyom na da tsada, dangin filatinom ne, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma a 2021 farashin oza ɗaya ya kusa dala 30,000. Amma nawa ne a jikin zoben? Kaurin rufin yawanci bai wuce maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Sikelin 'yan gwal ma da ƙyar zai san da shi. Idan kika je sayarwa, ba wanda zai biya ki ko sisi saboda baƙin. Za a goge shi ne a auna abin da ke ƙasa. Ko da kayan na gaske ne, rufin yana koɗewa: wanke-wanke, sabulu, turare, man shafawa da gogayya da wasu zobba suna cinye shi, cikin watanni ko 'yan shekaru rawayan ya fara leƙowa ta gefe, sai an sake biyan kuɗi an mayar. Mai gaskiya zai faɗa miki wannan kafin ki saya. Wanda ya rantse miki cewa baƙin ba ya fita har abada, ko bai san hajarsa ba ko ya san ba zinari ba ne.

Kada hatimi ya ruɗe ki. Lambar 750 tana nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 585 kuma karat 14. Amma ƙarfen buga hatimi abu ne mai arha, kowa zai iya saya ya buga a kan tagulla. Duba kuma ko akwai wasu haruffa a gefen lambar. GP na nufin ruwan gwal ne kawai aka yi, GF na nufin an lulluɓe wani ƙarfe da siririn zinari, 925 kuwa azurfa ce. Sau da yawa mai ƙerawa a can ƙasar waje bai ɓoye komai ba, ya rubuta gaskiya a cikin zoben, ya sayar a farashin kayan kwalliya. A hannun mai tallar ne abin ya koma "gwal".

Gwaje-gwajen gida da ake yaɗawa ma a yi hankali da su. Maganaɗisu ba ya jan zinari, haka ne, amma ba ya jan tagulla da azurfa, kuma ƙarfen da ake yin yawancin kayan kwalliya da shi ba ya amsa masa sosai. Nauyi ya fi shi amfani: zinari karat 18 ya kusa ninka tagulla ko ƙarfe mai girmansa nauyi, don haka zoben da ya yi miki shafal a hannu abin zargi ne. Sai dai akwai wanda yake tsallake wannan ma, wato baƙin zoben wani ƙarfe da ake kira tongistin, wanda nauyinsa ya yi kusa da na karat 18 ƙwarai. Shi ana gane shi da tauri, magagari ba ya cin sa, maƙeri ba ya iya rage shi ko faɗaɗa shi, idan ya sha matsa fashewa yake yi maimakon lanƙwasa. Hatta na'urar gwaji ta zamani da wasu shaguna ke haska wa gwal, saman ƙarfe take karantawa, ba ta shiga can ciki. Saboda haka dole a kankare wani wuri da ba ya nunawa, kamar cikin zobe ko bayan maƙalin sarƙa, har a wuce rufin, sannan a goga a dutse a ɗiga asid ko a haska na'urar a wurin. Mai kaya da ya ce ba a yarda a kankare ba don kada a ɓata masa ado, ki mayar masa da kayansa.

Akwai wata dabara da ake yi wa maza, ita ce ta fi ba ni mamaki. A ce wa mutum wannan baƙi ne, ba ya kama da na mata, ango zai iya sa shi. Malam, idan da gaske zinari ne a ciki, fenti bai sauya hukuncin da malamai suka sanar da mu na namiji da zinari ba. Idan kuwa ba zinari ba ne, me ya sa za ka biya kuɗin zinari? Haka nan batun a tura kuɗi yau a jira kaya mako biyu: a shari'a cinikin zinari hannu da hannu ake yi, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit. Da an tsaya a kan wannan kaɗai, da yawancin masu wannan sana'a sun rasa kasuwa.

Ban ce kada a sa baƙin ado ba. Yana da kyau, musamman da fararen duwatsu. Idan kwalliya kike so, sayi na ƙarfe a farashin ƙarfe, kin san abin da kika saya. Idan kuwa kadara kike nema, wadda za ki ɗauka ranar da buƙata ta taso, to ki je da mai kayan layin 'yan gwal, wurin wanda ke kika zaɓa ba wanda ita ta nuna miki ba. A kankare, a gwada, a auna a gabanki, a cire nauyin duwatsu. A rubuta rasit mai ɗauke da sunan shago da karat da giram da farashin giram da kuɗin aiki daban, sannan ki tambayi nawa za su saya idan kin dawo da shi gobe.

Wadda kuma ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ta ɗauki hoton hirar da tallar da shaidar tura kuɗin tun kafin a goge shafin, ta sanar da bankinta nan take, sannan ta kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan kayan sun iso hannunta, kada ta mayar wa mai tallar da sunan za a canza mata. Ta kai a gwada, ta karɓi sakamakon a rubuce, ta haɗa da takardun ƙarar.