Akwatin wufa ƙarƙashin kujerar a-kori-kura: rufaffe, mai huji, ko na kanti?

Wani ɗan'uwa mai Hilux mai ƙofa huɗu ya tambaya: yana son bes mai dukan ƙirji amma ba ya son rasa wurin zaman fasinja, shin ya sa kafinta ya haɗa masa rufaffen akwati, ko mai huji, ko ya sayi siririyar wufar kanti (wufa ita ce sifikar bes) mai amfilifaya a cikinta?

Malam, kafin maganar kuɗi ɗauko tef ka auna. Wurin da kake da shi ne zai yanke hukunci. Akwatunan da ake tallatawa na ƙarƙashin kujerar baya galibi an yi su ne don manyan motocin Amurka irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado, waɗanda ƙasan kujerarsu fili ne. Hilux ba haka take ba: in ka ɗaga kujerar baya, 'yan ramukan ajiyar kaya za ka tarar, sararin kuwa kaɗan ne. Ka auna tsawo da faɗi, ka auna tsayi ta gaba da ta baya tunda ba ɗaya ba ne, kuma a auna da mutum zaune a kai, domin soso yana lotsawa.

Lissafin ba wuya. Ma'aunin ciki ake so, wato ka cire kaurin katako, santimita 3.6 daga kowane ma'auni in katakon MDF (na matsattsen garin katako) mai milimita 18 ne. A ce ciki ya ba da tsawo 70, faɗi 25, tsayi 12 ta gaba da 8 ta baya. Matsakaicin tsayi 10 ke nan. 70 sau 25 sau 10, a raba da 1,000, lita 17.5. Jikin sifikar zai cinye lita ɗaya zuwa biyu, saura kamar 16. In takardar sifika ta ba da girman akwati da ma'aunin cubic foot, ɗaya daidai take da lita 28.3.

Rufaffen akwati shi ne ya fi dacewa da wannan lissafi. Iskar da ke kulle a ciki tana riƙe fatar sifika, sai ganga ta fito tsaf babu jan wutsiya, kuma ko ka kauce wa adadin litar da kaɗan ba za ka ji ɓarna sosai ba. Sai dai a nemi sifika marar zurfi. JL Audio 10TW3 mai inci 10, misali, zurfinta santimita 8.3 ne kuma lita 14 take buƙata a rufe. Kicker CompRT ma don irin wannan matsatsi aka yi ta. Laifin rufaffen akwati ɗaya: yana cin wuta kafin ya yi ƙara, sai da amfilifaya ta daban mai wat 300 zuwa 400 na RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore. Kada lambar da aka buga da manyan haruffa a kwali ta ruɗe ka, RMS ake dubawa. Kuma in iska na tsiyaya ta gefen sukuru ko ramin waya, za ka ji fito, bes ya yi laushi. A sa gam a kowace mahaɗa, a bi ciki da silikon, a bari ya bushe kwana guda kafin a ɗaura sifika.

Mai huji ya fi ƙara, kamar desibel 3 (ma'aunin ƙarar sauti) a kusa da muryar da aka daidaita hujin a kanta, amma yana son fili kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da wurin da bututun hujin zai ci. Matsalar ke nan. Ƙaramin akwati yana buƙatar dogon bututu kafin muryarsa ta sauko wajen Hz 35 (Hz ma'aunin kaurin murya ne, ƙaramar lamba ita ce bes mai zurfi). In an gajarta shi sai ya riƙa buga murya ɗaya, in an tsuke shi sai ya yi ta huci. Ƙasa da inda aka daidaita shi kuma babu abin da ke riƙe fatar, tana iya yagewa in ba a kunna matatar da ke yanke ƙananan sautuka a amfilifaya ba. Ga ƙurar hunturu da za ta shige ta hujin. A Hilux ban ga ribarsa ba.

Ta kanti kuwa, irin Kenwood KSC-SW11 ko Pioneer TS-WX130DA, tsayinta kamar santimita 7 ne, tana shigewa ƙarƙashin kujerar gaba, rewaya ya gama cikin 'yan awoyi. Za ta cike gurbin da sifikun ƙofa suka bari, waƙa ta yi nauyi, amma ba za ta girgiza madubi ba. A tura kujera gaba da baya a tabbatar ba ta gogar ta, kuma kada a taɓa wayoyi masu rawayan soket da ke wurin, na jakar iska ne.

Tunda dukan ƙirji ka ce, rufaffe za ka yi, muddin ma'auninka ya kai lita 14 bayan cire komai. In bai kai ba, sayi ta kanti ka huta.

Ko wanne ka zaɓa, fis ya zauna cikin santimita 45 daga batir, wayar wuta ta zama ta tagulla zalla mai lamba 8, ko lamba 4, wadda ta fi kauri, in ƙarfin ya haura wat 500. A kankare fenti kafin a ɗaure wayar ƙasa, a sa matatar da ke yanke sautukan sama a Hz 80. In sifikar za ta kalli ƙasa, a ɗaga akwatin aƙalla santimita 3 don kada fatar ta bugi kafet, wanda hakan ma zai raba MDF da ruwan wankin mota, domin yana jiƙewa yake kumbura. Kafin a huda ƙasan mota a leƙa, tankin mai da bututun birki suna nan.