Motar Lantarki a Birnin Kebbi: Wacce Gyaran Kamfani Zai Iya Iskewa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu tambayar farashin motar lantarki suka ƙaru a Birnin Kebbi, musamman waɗanda suka riga suka sa sola a gida. Kowa tambayarsa ɗaya: kilomita nawa take yi a caji guda? Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Idan kamfanin da ya ƙera motar ya gano kuskure a manhajarta, ya yi mata kiranye don a gyara kyauta, ta ina gyaran zai same ka a nan?

A irin wannan mota, manhaja ce ke ƙayyade yawan wutar da batir zai sha, da lokacin da za a sanyaya shi, da ko motar za ta ci gaba da tafiya. Kuskuren manhaja ba ya ƙara, ba ya ɗigar da mai a ƙasa, don haka bakaniken da ya saba gano ciwo da kunne babu abin da zai ji. Gyaran kuma iri biyu ne: wanda ake turowa ta intanet mota na fake a gida, da wanda sai an kai ta wurin dila ya jona mata kwamfutarsa.

Tesla ce gwanar na farko. A Disamban 2023 ta yi wa motoci kusan miliyan 2 kiranye a Amurka saboda tsarin taimaka wa direba tuƙi mai suna Autopilot, aka kuma gyara ta intanet. Sai dai ba ta da garejin kamfani a Najeriya, kuma ranar da ƙarfe ya lalace intanet ba ta da maganinsa.

Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 motoci ne masu daɗin tuƙi, amma a san wannan kafin a biya. Suna da wani akwati da ake kira ICCU, shi ke ɗebo wuta daga babban batir yana cajin ƙaramin batir mai bolt 12. In ya lalace, ƙaramin batir ya ƙare, motar ta fara rage gudu har ta tsaya, alhali babban batir na cike. An yi kiranye kan motoci kusan 147,000 a Amurka a Maris 2024, aka sake yin wani na sama da 200,000 a Nuwamban shekarar. Gyaran na wurin dila ne: a sabunta manhaja, a duba akwatin da fiyus ɗinsa, a canza in ya kama. Wanda ya taɓa ganin mota ta mutu tsakanin Jega da Koko da tsakar rana ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada ka ɗauka dilan Najeriya zai gyara maka motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka kyauta, sai ka ga haka a rubuce.

Ford Mustang Mach-E an lallaɓa ta da manhaja a 2022 saboda makunnin babban batir na zafi, a 2023 dole aka koma canza kayan a motoci kusan 35,000. Chevrolet Bolt da batirinta ya riƙa kamawa da wuta, a bar ta inda take. Tsohon samfurin Nissan Leaf kuwa batirinta ba shi da ruwan sanyaya, zafin Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40 zai tsufar da shi da wuri.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce BYD Atto 3, sabuwa, daga hannun dilan da kamfani ya amince da shi. Reshen kamfanin dillancin motoci na CFAO mai suna LOXEA ne ya shigo da ita a hukumance a Legas. Batirinta nau'in LFP ne, wanda ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, sannan ba ya damuwa da a cika shi taf. Babban samfurin na ɗaukar kusan kilowat-awa 60, a takarda kilomita 420, amma da na'urar sanyi a kunne ka sa ran ƙasa da haka. Zuwa Sakkwato da dawowa zai yiwu in an cika ta kuma ba a taka ta da yawa ba, ko da yake ƙara caji a can ya fi kwanciyar hankali. Da cajar bango mai kilowat 7 tana cika cikin awa 9 zuwa 10, da soket ɗin ɗaki kuwa sai ta kwana ta wuni. Babban abin shi ne lambar shasinta na cikin littafin dila a ƙasar nan, in kiranye ya fito akwai wanda za ka riƙe. Ita ma ba a rasa ta da laifi ba: a Satumban 2024 an yi wa motocin BYD samfurin Dolphin da Yuan Plus (sunan Atto 3 a can) kusan 97,000 kiranye a Sin saboda na'urar sitiyari mai iya haddasa gobara, kuma gyaran na gareji ne. Legas da nisa, don haka kafin ka biya a rubuta maka wa zai ɗauki kuɗin ɗora motar a tirela.

To, a nan ne ake cin mutane. Yuan Plus ita ce Atto 3 ta kasuwar Sin, wasu dillalai na shigo da ita ta bayan fage su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bakin cajinta GB/T ne, wato irin na Sin, ba CCS2 irin na Atto 3 ba, manhajar wayarta kan nemi lambar ƙasar Sin, kuma garantinta bai tsallako teku ba. Buɗe murfin caji ka duba da idonka.

Na Amurka kuma da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya suke. Motar fetur da ta sha ruwa ana iya lallaɓa ta, ta lantarki kuwa tsatsa na cin wayoyinta a hankali sai bayan watanni ciwon ya fito. Ɗaga kafet, shinshina, duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko da laka ko tsatsa. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, babu I, O ko Q a ciki. Karanta ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da allon motar in tana nunawa, su zama iri ɗaya. Sai ka shigar da ita da hannunka a shafin kiranye na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna duk wanda ba a gyara ba. Kada ka yarda da hoton da dillali ya turo ta WhatsApp, ana canza lamba a hoto cikin minti biyu. Shafin na motocin kasuwar Amurka ne kawai, kuma ba ya nuna tarihin haɗari.

Ana kuma goge alamar gargaɗi da ƙaramar na'ura kafin mai saye ya iso. Maganin wannan shi ne doguwar tafiya: ka tuƙa ta aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne, ka jona ta a caji a gabanka, sannan a sake duba ta da kwamfuta. In Tesla ce, tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa, ka ga ta shiga naka, kafin kuɗi ya bar hannunka.