Gajeren bututu mai sauya matsi, ko bututu na biyu?

A Amurka, bindigar tsaron gida mai harba ƙananan ƙwayoyin harsashi da yawa a lokaci ɗaya, irin su Remington 870 da Mossberg 500 kan zo da bututu mai inci 18.5, ɗan sama da inci 18, mafi ƙarancin tsawon da doka ta ƙayyade. Bakinta ba matsi, wato ƙuntatawar bakin bututu da ke tattara ƙwayoyin harsashi wuri ɗaya, shi ya sa ƙwayoyin harsashi ke watsewa da wuri. A nisan yadi 40, kusan kashi 40 cikin ɗari ne ke faɗawa cikin da'ira mai faɗin inci 30, alhali cikakken matsi kan kai kashi 70.

Mai son ya yi farauta da ita, zai iya kai ta wajen maƙerin bindiga ya yanka zare irin na noti a cikin bakin bututun, ana ɗaura matsi iri-iri. Bindigar na nan da gajartarta, ga sauƙin ratsa kurmi. Sai dai dole ƙarfen bututun ya zama da kauri, in ba haka ba maƙerin kirki ba zai taɓa shi ba.

Ko kuwa a sayi bututu na biyu mai inci 28, a musanya da hannu cikin minti ɗaya. Ga tsuntsu mai tashi, ni dai wannan na fi so, don nauyin gaba yana sa hannu ya bi tsuntsun sumul. Gajeren kuwa fizga yake yi.