Fisiyo bayan gashin sankarar mama: abin da ta yi mini da abin da ta kasa

Na rubuta wannan sharhi ne domin matan da suka gama gashin radiyoterafi na sankarar mama, wato gashin da ake yi da hasken na'ura, likita ya ce komai ya yi kyau, amma gefen da aka gasa ya ƙi daina ciwo. Na shafe watanni ina zuwa sashen fisiyo na wani asibitin koyarwa, inda ake jinya ta hanyar tausa da motsa jiki, kuma ra'ayina shi ne zuwan ya ci kuɗinsa da wahalarsa. Sai dai ba kowane ciwo yake warkarwa ba, kuma gara mace ta san haka tun kafin ta fara.

Shi gashin kansa ba ya daɗewa. Wasu ana yi musu zama 15 cikin mako 3, wasu zama 25 cikin mako 5. Fata takan yi baƙi, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule a ƙarƙashin mama, amma wannan yakan lafa cikin 'yan makonni. Nawa ma ya lafa. Abin da ya biyo baya ne ya ɗaga mini hankali: bayan kusan rabin shekara sai maman ya fara tauri, fatar wajen ta ƙandare kamar ƙirgi, haƙarƙarin da ke ƙasa kuma ko da yatsa na danna sai na ji shi har ka. Kwanciya a gefen hagu ta gagara. Tuƙa tuwo ya zama aiki. Idan na yi sujada sai in ji ana ja na daga hammata zuwa tsakiyar ƙirji. Kuma duk wadda ta taɓa jin kalmar sankara a bakin likita ta san inda zuciya take fara zuwa: ko ta dawo ne?

Likitana ya duba, aka yi hoto, babu sabon ƙari. Shi ya tura ni fisiyo. Wannan tsari nake so kowa ta bi, a fara tabbatar da abin da ke ciwon kafin a bar wani ya taɓa wurin.

Ma'aikaciyar da na fara haɗuwa da ita ita ce ta yi mini bayanin da ya kwantar mini da rai. Hasken gashin da ke kashe ƙwayoyin sankarar yana taɓa lafiyayyen naman da ke kewaye, jiki kuma yakan gyara wannan rauni ta hanyar tara tabo a ciki, abin da likitoci ke kira faiburosis. Tabon ba ya miƙewa yadda nama yake miƙewa, don haka tsokar ƙirji takan taƙure ta janyo kafaɗa gaba. Yakan iya bayyana bayan watanni, har ma bayan shekaru. Ni da na ɗauka ciwo bayan an gama magani alama ce ta mugun abu, sai ga shi abu ne sananne mai suna.

Kafin ta sa ni motsa komai, ta ɗauko tef irin na tela ta auna kaurin hannayena biyu a wurare daban-daban, don ta ga ko akwai kumburin da ke biyo bayan cire kaluluwar hammata. Ta auna iya inda nake ɗaga hannu, ta rubuta. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin daga baya da ta sake aunawa na ga bambancin a takarda, ba wai a baki ba. Sannan ta fara tausa, ba irin ta gida da ake murza jiki da ƙarfi ba. Kan yatsunta take ɗorawa a gefen tabon, ta ja fatar a hankali zuwa gefe ɗaya, ta riƙe, ta jira har wurin ya saki da kansa, sannan ta matsa gaba kaɗan. Babu abin kallo a ciki, amma idan na tashi sai in ji numfashi yana shiga gefen da kyau.

Motsa jikin da ta koya mini ba ya buƙatar inji. In tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu sama. In kwanta rigingine riƙe da sanda da hannu biyu in kai ta bayan kai. In tsaya a bakin ƙofa, hannu a jikin dogarin, in ɗan turo ƙirji gaba na daƙiƙa 30. Kullum maganarta ɗaya ce: "Hajiya, ki miƙa har ki ji ja, kada ki kai inda zai yi zafi." A nan ne ainihin amfanin yake, domin zaman asibiti kaɗan ne, aikin gida shi ne mai yawa. Makon da na yi sakaci saboda biki ko baƙi, taurin yakan dawo, kuma ta faɗa mini tun farko cewa wannan miƙewar aba ce ta dogon lokaci.

Akwai abin da ta hana ni wanda nake so 'yan'uwa mata su ji. Mu da ciwo ya zo, ruwan zafi da tawul muke nema, ko man zafi. Fatar da aka gasa ba ta da ƙwarin da, kuma wani sashenta ba ya ji sosai, don haka mace tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Man kaɗanya marar turare shi na riƙe, tare da rigar mama ta auduga marar ƙarfe.

Yanzu ga inda fisiyo ta kasa. Akwai wani ciwo daban da ke zuwa farat ɗaya, ya soke ni daga hammata zuwa cikin damtse, ya wuce. Tausa da miƙewa ba su rage shi ba ko kaɗan. Wannan na jijiya ne, kuma sau da yawa tiyatar hammata ce ke jawo shi. Sai da likita ya rubuta mini amitriptyline ɗan kaɗan da dare ya yi sauƙi, ko da yake yana busar da baki yana kuma sa nauyin barci da asuba. Kada wadda ta je kemis ta saya da kanta. Haka ma yawan shan diclofenac ko ibuprofen na tsawon watanni, yana iya taɓa ciki da ƙoda. Ciwon gaɓoɓin da anastrozole, maganin da ake sha don hana sankarar dawowa, ke sa wasu mata shi ma maganar likita ce.

Sashen kansa yana da nasa matsalolin. Layi yana da tsawo, masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya duk wuri ɗaya muke jira. Labule ne kawai tsakanin gado da gado, ga shi dole a buɗe ƙirji. Ba kullum ake samun ma'aikaciya mace ba sai an roƙa, kuma ba dukkansu ne suka saba da masu sankara ba. Akwai ranar da wani ya so sa mini injin ɗumama a wurin, sai da na nuna masa katina ya fasa. Takardar motsa jikin da suke bayarwa kuma da Turanci take, alhali yawancin matan da muke zama tare Hausa kaɗai suke ji. Wannan ya dame ni, domin wadda ta zo daga ƙauye ba za ta iya dawowa kowane mako a sake nuna mata ba.

A yau ina kwanciya a gefen hagu idan na sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin hannu, ina kuma ɗaura ɗankwali ba tare da na sunkuyar da kai ba. Haƙarƙarin har yanzu yana da ɗan zafi idan an danna. Wadda za ta je ta tafi da takardar da ke nuna inda aka gasa da irin tiyatar da aka yi, ta kuma nemi wadda ta saba da masu sankarar mama. Amma idan ta ga sabon ƙulli, ko wurin ya yi ja ya kumbura da zazzaɓi, ko tari da sarƙewar numfashi, wajen likitanta za ta nufa a ranar, ba fisiyo ba.