Makulli Ya Ɓata: A Sauya Cikin Kuba Ko A Sa Sabuwa?

Tambayar da masu gyaran makulli suke yawan sha ke nan, musamman daga waɗanda suka tare a sabon gida.

Sauya ciki shi ne mai gyara ya zare silindar kuba, wato sashen da ake zura makulli a ciki, ya fitar da ƙananan fil-fil ɗin da ke cikinta, galibi 5 ko 6, ya jera wasu masu tsayi daban, sannan ya yanka makullin da ya dace da su. Tsohon makulli ya tashi aiki. Ya fi arha, kuma idan kubobin gida samfuri ɗaya ne, ana iya mayar da su kan makulli guda. Sai dai bai ƙara wa kuba ƙarfi. Idan sifirin ya saki ko harshen kuba ya cinye, matsalar tana nan. Kwaɗo mai arha kuwa yawanci ba ya kwancuwa.

Sabuwar kuba ta fi cin kuɗi, kuma tana son awo. Silindar da ta leƙo waje fiye da milimita 3, ɓarawo yana iya kama ta ya karya.

Mai lafiyayyar kuba da ke shakkar wanda ke riƙe da tsohon makulli, sauya ciki ya ishe shi. Wanda aka taɓa fasa wa ƙofa, ko kubarsa ke cijewa, gara ya sa sabuwa.